Darasi na 14: Agabe da Wuƙar Mai Lambu

Unguwar Al-Muraƙƙabat tana cikin Dera, tsohon ɓangaren birnin Dubai. Fataken Kano masu zuwa sarin kaya sun san ta sarai, saboda yawan masaukan baƙi da gidajen abinci da ke cikinta. A can na sauka a wata tafiya, kuma a ƙofar masaukina na tarar da manyan tukwanen siminti guda huɗu, kowacce da wani tsiro mai kaurin ganye, shuɗi-shuɗi, kan kowane ganye da ƙaya kamar tsinin mashi. Uku suna cikin ƙoshin lafiya. Na huɗun, da yake shi ne dab da ƙofa yana sukar masu wucewa, an yi masa aski har ya koma kamar abarba, ƙasar tukunyarsa kuma kullum jiƙe take sharkaf. Kafin in bar garin, tsakiyarsa ta yi baƙi, ta fara wari. Mai lambun ba malalaci ba ne, kowace safiya ina ganinsa da tiyo a hannu. Kulawar ce ta yi yawa.

Sunan wannan tsiro agabe. Bahaushe zai ga ya yi kama da kabar giwa ko moda, amma asalinsa Meziko ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, kuma ire-irensa sun haura 200. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya raɗa masa sunan a 1753, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abu mai daraja. Ɗaya daga cikin danginsa shi ne sisal, wanda ake igiya da zarensa. A 1893 wani Bajamushe, Richard Hindorf, ya kai shi gaɓar Tanganyika. Cikin ƙananan tsirrai 1,000 da aka ɗauko daga Florida, 62 kaɗai suka rayu, kuma su ne tushen gonakin sisal na yankin Tanga.

Kafin mutum ya ɗauki wuƙa, ya kamata ya san yadda agabe yake rayuwa. Yawancin tsirrai suna buɗe ƙofofin numfashin ganyensu da rana, ruwa ya yi ta fita. Agabe kuwa yakan rufe nasa da rana, ya buɗe da dare sa'ad da gari ya yi sanyi. Ruwan da ya samu yana ajiye shi a cikin ganye, abincin da ya haɗa kuma yana tara shi a gindi. Saboda haka ɗanyen ganyensa randa ce kuma rumbu ne. Wanda ya yanke shi ya zubar da tanadin watanni, ya kuma bar miki a buɗe, inda ruɓa take shiga. Akwai ma wani baƙin ƙwaro mai dogon baki da yake yin ƙwai a gindin tsiron, tsutsarsa ta ci daga ciki. Sau da yawa ba a farga sai ganye ya zube.

To, me ake yankewa? Abu uku ne kawai, a ganina. Na farko busasshen ganyen ƙasa, wanda ya riga ya mayar wa uwar da abin da ke cikinsa. Ana datse shi dab da gindi da wuƙa mai kaifi ko ƙaramin zarto, bayan an goge ƙarfen da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na biyu ganyen da ya karye ko ya ruɓe. Na uku ƙayar kan ganye, idan tsiron yana bakin hanya: a tsinke tsinin kaɗai da almakashi, kada a taɓa naman ganyen. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsinin yakan zo daidai da idon ƙaramin yaro. Da mai lambun nan ya yi haka, ko kuwa ya janye tukunyar taku biyu daga ƙofa, da bai yi asarar tsiron ba. Sababbin ganyayen tsakiya, waɗanda suke naɗe da juna, ba a taɓa su ko kaɗan. Daga nan tsiron yake girma. Ko a gonakin sisal, inda ganyen ne abin nema, ba a fara yanka sai shuka ta shekara biyu ko uku, kuma ana barin mata ganyayen sama.

Mai aikin ya sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu da tabarau. Ruwan ganyen yana da wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsini da suke shiga fata, su kawo ƙaiƙayi da kumburi na kwanaki. Lokacin sanyi ya fi dacewa da aikin, daga Nuwamba zuwa Maris a Dubai, kuma bayan yanka a bar mikin ya bushe kafin a yi ban ruwa.

Batun ruwa shi ne ya fi ruɗar mutane. A Dubai zafin bazara yakan wuce digiri 40, ruwan sama na shekara kuma bai cika wuce milimita 100 ba, sai mutum ya ɗauka tsiro yana bukatar sha kullum. Agabe yana son a shayar da shi sosai, sannan a ƙyale ƙasar ta bushe ƙayau kafin a sake. Yana son yashi da tsakuwa, da tukunya mai huji a ƙasa. Ranar 16 ga Afrilu, 2024, an yi ruwa a Dubai wanda ya zarce na shekara guda cikin yini ɗaya. A irin wannan rana, hujin tukunya ne yake raba mai rai da matacce.

Yawanci agabe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa. Turawa suna yi wa wani irinsa laƙabi da tsiron ƙarni, amma zuguiguita magana ce: tsakanin shekara 10 da 30 yakan fid da dogon kara daga tsakiyarsa, wani ya kai mita takwas, ya yi fure, sannan ya mutu. Sare karan yakan jinkirta mutuwar kaɗan, ba ya hana ta. Sai dai kafin nan ya riga ya fid da 'ya'ya a gindinsa. Ana ɓanɓare ɗan tare da saiwarsa, a ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa mako guda har mikin ya bushe, sannan a dasa.

Lura da kalmomi

Ɗalibi ya kula da fi'ilan da suka zo a sama. Ana yanka da wuƙa, ana sara da adda ko gatari. Shi ya sa muka ce an yanke ganye, amma an sare kara. Datsewa ita ce yanke abu gicciye a lokaci ɗaya. Haka kuma iri ake shukawa, ɗan tsiro kuwa dasa shi ake yi. Aski na mutum ne, aronsa muka yi wa tsiro.

Tambayoyi

1. Me ya sa marubucin ya kira ɗanyen ganye randa da rumbu?
2. Waɗanne hanyoyi biyu mai lambun yake da su na kare masu wucewa ba tare da ya yanke ganye ba?
3. Yi jimla ɗaya da kowanne: datse, sare, ɓanɓare, dasa.