Tubalan Ginin Jiki

Mu mutanen Ribah mun saba da tuwon dawa. To, me ya sa yaro yakan ƙoshi da tuwo, amma ya rame?

Da tubali ake gina ɗaki. Haka jiki yake. Masana suna kiran tubalansa amino asid. Iri 20 ne. Jiki yana haɗa 11 da kansa. Sauran 9 sai daga abinci.

Ɗaya cikin taran nan sunansa laisin. Kaɗan ne a dawa da masara, amma yana da yawa a wake.

Saboda haka kada mu kai wakenmu duka kasuwa. Mu rage na yara. In da hali, mu ƙara musu nono ko ƙwai.

Tambaya: Tubala nawa ne jiki ba ya haɗawa?