Kafin ka biya kuɗin masaukin shafinka, tambayi wane PHP ke kan sabarsu

Aikina gina shafukan intanet ne da kula da sabar da ake ɗora su a kai, kuma babu ƙorafin da ya fi yawan zuwa mini kamar wannan: "Malam, na ɗora manhajata ta ƙi tashi, wai PHP ɗinku ya tsufa." Galibi mai maganar matashi ne da ya sha wahalar koyon Laravel, ya gama aikinsa tsaf a kwamfutarsa, ya biya kuɗin masauki na shekara guda, sannan ya tarar sabar tana kan PHP 7.4 alhali Laravel 11, wanda ya fito a Maris 2024, ba ya karɓar ƙasa da 8.2. Yana da gaskiya ya yi fushi. Sai dai yawancin masu fushin ba su san abin da ya kamata su nema ba, shi ya sa ake ta sallamar su da "muna kan dubawa".

Masaukin tarayya, wato irin mai rahusar nan da ɗaruruwan shafuka ke zaune a kan saba ɗaya, gidan haya ne mai mita ɗaya. Idan mai gida ya taɓa wayar wuta saboda ɗaki guda, kowane ɗaki sai ya ji a jikinsa. A kan sabar da ba ta kai PHP 7 ba tukuna, za ka iya tarar da shafin wata makarantar sakandare da aka rubuta shekaru goma sha da suka wuce, wanda ke magana da rumbun bayanansa ta hanyar mysql_connect. An cire wannan umarni gaba ɗaya daga PHP 7.0 tun Disamba 2015. Na ga abin da ke faruwa idan aka ɗaga irin wannan shafi ba shiri: iyaye su buɗe don duba sakamakon jarrabawa, su tarar da farin shafi fes, ko harafi ɗaya babu. Shugaban makaranta ya kira rai a ɓace, a tambaye shi wa ya gina musu shafin, ya ce wani yaro ne da ya yi musu hidimar ƙasa, lambarsa ma ba ta shiga. PHP 8.0 kuma da ya zo a Nuwamba 2020 ya kwashe wasu tsofaffin umarnin irin su each da create_function, waɗanda tsofaffin jigogin WordPress ke cike da su. Wannan tsoron ne ke sa kamfanoni su ƙi motsi.

Rigimar ba sabuwa ba ce. PHP 5 ya fito a Yuli 2004, amma bayan shekara uku masu masauki da yawa suna nan maƙale da PHP 4. Su suna cewa manhajoji ba su buƙaci sabon ba tukuna, masu rubuta manhajoji kuma suna cewa ba za su koma sabon ba tunda masauki ba su da shi. Kowa na jiran kowa. A 2007 ne manyan ayyuka irin su Drupal da phpMyAdmin suka haɗa kai a gangamin GoPHP5, suka sa ranar 5 ga Fabrairu 2008 a matsayin lokacin da sababbin fitowarsu za su buƙaci PHP 5.2. Matsin lamba daga waje ne ya warware kullin, kuma har yau haka abin yake tafiya.

To amma zama a kan tsohon ma ba tsira ba ce. Masu kula da PHP suna toshe kafofin tsaro na kowace siga na wasu 'yan shekaru ne kawai, daga nan su sake ta. An daina kula da 5.6 a ƙarshen 2018, 7.4 a Nuwamba 2022, 8.0 a Nuwamba 2023. Duk ɓarakar da aka gano bayan haka tana nan a buɗe, sai in kamfanin yana biyan kuɗin facin da CloudLinux ke yi wa tsofaffin sigogi. WordPress kansa, duk da haƙurinsa da tsofaffin saba, ya yi sallama da PHP 5 a siga ta 6.3 a 2023.

Abin da nake so masu shafuka su gane shi ne, uzurin "in mun canza za mu karya shafukan wasu" ya daɗe da mutuwa. Yau saba ɗaya tana iya ɗaukar sigogin PHP da yawa a lokaci guda, kowane asusu ya zaɓi nasa. A cPanel ana kiran wurin MultiPHP Manager, a sabar da ke da CloudLinux kuma za ka ga Select PHP Version. Makarantar can ta zauna a kan tsohonta har ta sami mai gyara, matashin nan ya ɗauki 8.3, ba wanda ya taka wani. Don haka kada ka rubuta musu "ku sabunta sabarku", domin za su ƙi, kuma suna da hujja. Ka ce su buɗe wa asusunka siga kaza. Kamfanin da ya kasa yin wannan a yau, ko dai bai iya aikinsa ba, ko ba shi ke riƙe da sabar ba, dillali ne kawai da ya sari wuri a hannun wani yana sayarwa kashi-kashi.

Maganar Python da Node.js daban take, kuma a nan nakan ɗan kare masu masauki. PHP yana tashi ne idan baƙo ya buɗe shafi, ya gama aikinsa ya sauka. Manhajar Node.js ko Django kuwa zama take yi a kunne tana riƙe da ƙwaƙwalwar saba, ko da ba mai ziyara. Sannan a tsofaffin saba masu CentOS 7, Python 2.7 ne ke tafiyar da yum, kayan da tsarin ke sabunta kansa da shi, saboda haka ba a taɓa shi, duk da cewa an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020. Masauki nagari suna ba da Setup Python App da Setup Node.js App, kuma sun wadatar ga ƙaramin aiki. Amma in manhajarka tana buƙatar aikin da ke gudana dare da rana a bayan fage, masaukin tarayya ba wurinta ba ne. Ka nemi VPS, wato kason saba da kai kaɗai ke sarrafawa, ka kuma san cewa tsaronsa da sabunta shi sun dawo wuyanka.

Kafin ka tura ko sisi, ka tambaye su a rubuce: waɗanne sigogi ke akwai, kai za ka canza da hannunka ko sai an roƙe su, kuma wata nawa sukan ɗauka kafin su kawo sabuwar da ta fito. PHP na fitar da sabuwa kusan kowane ƙarshen shekara, don haka amsar tambaya ta uku za ta nuna maka ko suna farke. In kuwa kai ne mai tsohon shafin, ka sa a kwafe shi zuwa wani ƙaramin adireshi na gwaji, a ɗaga sigar a can, a gyara abin da ya karye cikin natsuwa. Shugabannin makarantu da masu asibitoci da 'yan kasuwa, don Allah ku sa kuɗin wannan gyara a kasafin bana, kuma ku karɓi kalmar sirrin cPanel ɗinku daga hannun wanda ya gina muku shafin tun yana ɗaga waya.