Zarnin garke da fallen soɓorodo

Da sassafe, idan kuka shiga garken awaki a Tarka, wani wari mai ƙarfi yakan doki hancinku, har ido ya yi ƙwalla. Shi muke kira zarni. Abin da ke kawo shi wata iska ce marar launi, sunanta amoniyak. A rubuce ta ilimin kimiyya: NH3, wato ƙwayar azot 1 da ƙwayoyin idorojan 3.

1. Daga ina take fitowa?

Nama, wake da nono suna da abinci mai gina jiki. Idan jiki ya yi aiki da shi, sai a sami saura, cikinsa har da amoniyak. Ita kuwa guba ce in ta yi yawa. Saboda haka hanta takan juya ta ta zama ure, ƙoda ta tace ure ɗin, ya fita cikin fitsari. Idan fitsari ya kwana a ƙasa, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani sukan farfasa ure, amoniyak ta sāke fitowa. Shi ya sa garke ya fi zarni in an daɗe ba a share shi ba.

Nama da kifi ma, in sun fara lalacewa, suna fitar da amoniyak kaɗan kaɗan, tun kafin hanci ya ji sosai.

2. Me ya sa ake auna ta?

Idan hantar mutum ta yi ciwo mai tsanani, amoniyak takan taru a jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Sai ya riƙa ruɗewa, ko barci ya yi masa yawa. Likita yana son sanin yawanta a jini. Amma wannan awo yana da wuya: dole a sa jinin cikin ƙanƙara, a auna shi da gaggawa, in ba haka ba sakamakon ya ɓaci. Ku duba nisan da ke tsakanin rugagen Damargu da babban asibitin Damagaram, ga kuma zafin rana! Don haka masana suke neman abin awo ƙarami, mai araha, wanda za a iya ɗauka a aljihu.

3. Dabarar launi

Kun san soɓorodo, jan ɓawon yakuwa wanda ake yin bisab da shi. Jansa yana da wani hali: in ya haɗu da abu mai tsami kamar lemun tsami, sai ya ƙara ja, in ya haɗu da kanwa, sai ya yi duhu, ya koma kore-kore. Amoniyak a cikin ruwa halinta irin na kanwa ne. Tun a 1664 wani Bature, Robert Boyle, ya rubuta yadda ruwan furanni ke sāke launi haka.

Yau masana suna dama irin wannan launi da sitacin rogo ko na masara, ko da kitozan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande. Sukan shanya shi ya bushe ya zama falle marar kauri kamar ɓawon albasa. Idan amoniyak ta taɓa fallen, launinsa ya sāke; in ta yi yawa, sākewar ta fi yawa. An gwada irin waɗannan fallaye a kan nama da kifi, ana kuma gwada wasu don numfashi, fitsari da jini. Har yanzu aikin bincike ne. Marar lafiya, asibiti za a kai shi.

4. Mu gwada

a) Ku jiƙa soɓorodo cikin ruwan zafi, ku tace.
b) Ku dama sitaci cokali 1 cikin ruwan jan kofi 1, ku dafa har ya yi kamar koko.
c) Ku shafa shi siriri a kan faranti, ku ajiye a inuwa ya bushe.
d) Ku ɓamɓare, ku yanka gida 2, ku ɗan yayyafa musu ruwa.
e) Ku samo kwalba 2. A ta farko ku sa jiƙaƙƙen takin garke mai zarni, a ta biyu rairayi mai tsabta. Ku rataya falle ɗaya cikin kowace, kada ya taɓa ƙasa, ku rufe.
f) Bayan awa 1 ku duba, ku sāke dubawa kashegari, ku rubuta abin da kuka gani.

Kada ku kai hanci bakin kwalba. Ku wanke hannu da sabulu in kun gama.

5. Mu riƙe

Amoniyak ba ta da launi, amma tana sāke launin soɓorodo. Da wannan dabara ido yake ganin abin da yake ɓoye.

Tambayoyi

1. Wane aiki hanta da ƙoda suke yi game da amoniyak?
2. Me ya sa awon amoniyak na jini yake da wuya a ƙauye?
3. Mene ne amfanin kwalba ta biyu, mai rairayi?
4. Ku tambayi iyayenku: yaya mahauta suke gane nama ya fara lalacewa?