Dalmar harsashi: aikin da ba a yi a tsakar gida

Darasinmu na wannan fitowa a kan dalma ne, wadda wasu ke kira darma. Ba dalmar tukunya muke nufi ba. Farin ƙarfen nan marar nauyi da ake zuba tukwane da shi, sunansa alminiyam, ko da yake a kasuwa mun saba ce masa dalma. Wadda muke magana a kanta ita ce mai nauyi, mai launin toka, mai taushi. Farce yana iya yi mata zane. In ka goga ta a takarda, sai ta bar baƙin layi. Ita ce a cikin batirin mota. Ita masunta ke ɗaura wa raga don ta nutse. Ita ce kuma maharba ke ɗura wa bindiga.

Ga abin da ya kawo maganar. Bayan kaka, muna zagayen duba azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan Kwaya, sai muka sauka gidan wani ɗalibinmu, maharbi ne. Mun tarar ya ɗora gwangwani a kan murhun gidan, yana narka dalma. Wata ya tono ta daga tsohon kututturen da yake gwada bindiga a kai. Wata ya ciro ta daga naman da ya harbo. Saura kuwa daga wani mataccen batir da ya fasa a gindin rumbu. Yara uku na tsugune suna kallo, ƙaramin yana cin gyaɗa da hannun da ya gama wasa da ƙasa. Da ya sauke gwangwanin, uwargida ta ɗora tukunyar miya a nan inda ya sauke.

Muka yi masa magana. Ya yi dariya, ya ce: "Malam, haka na taso na ga babana yana yi, kuma da tsufansa ya rasu."

Ba mu ga laifinsa wajen tattali ba. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙarewa. Wadda aka harba bara, in an tsinto ta aka narka, za ta sake zama harsashi bana. Amma wannan hali nata shi ne kuma sharrinta. Ƙurarta in ta zuba a tsakar gida, tana nan shekara da shekaru. Ruwan sama ba ya kashe ta, wuta ba ta cinye ta.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka da ƙasashen Turai akwai filaye na musamman inda ake koyon harbi. Ana tara tudun ƙasa a bayan abin da ake harbi, don harsashi ya tsaya a ciki. In shekaru suka yi, sai tudun ya cika da dalma. Daga nan ake kiran kamfanin da ya san aikin. Su zo da inji, su kwashe ƙasar, su rairaye ta, su kai dalmar masana'anta a narka. A shekarar 2001 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da littafin jagora a kan wannan aiki. Ta ba masu filayen shawara su riƙa kwashe dalmar a kai a kai, su kuma zuba farar ƙasa inda ƙasa ke da tsami, don kada dalma ta narke ta bi ruwa.

Abin lura shi ne yadda ma'aikatan ke shiga aikin. Suna rufe hanci da baki da abin tace iska. Suna jiƙa ƙasa don kada ƙura ta tashi. Suna barin kayan aiki a wurin aiki, su yi wanka kafin su koma gida, ana kuma auna jininsu lokaci lokaci. Akwai maharba a can da ke zuba harsashinsu da kansu, kamar namu. Amma waɗanda suka san aiki a cikinsu ba sa taɓa dalmar batir, domin akwai ruwan batir mai ƙuna, akwai kuma wasu gubobin a haɗe da ita.

Wasu ƙasashen ma sun fara rabuwa da ita. Tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma, saboda tsuntsaye na haɗiye ƙwayoyinta su mutu. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ta a fadamu da bakin tafkuna a 2023.

Mu ja kunne a nan: filin atisayen soja ba wurin tsintar ƙarfe ba ne. Akan bar abin da bai fashe ba a cikin ƙasa. Makiyayi ko yaro da ya ga baƙon ƙarfe a daji, kada ya taɓa, a sanar da mai gari ko jandarma.

Abin da ya faru a Dakar da Zamfara

Me ke faruwa in an yi wannan aiki ba tare da kiyayewa ba? An gani a Senegal. A wata unguwa mai suna Ngagne Diaw, a Thiaroye, bakin birnin Dakar, an yi shekaru ana fasa batir don samun dalmar ragar kamun kifi. Ƙasar unguwar ta cika da guntayenta. Da dalma ta yi kuɗi, fatake suka zo saye, sai mata suka shiga kwasar ƙasar a buhu. Suna kai ta gida, suna rairaya, goyo a baya, yara na wasa a gefe. Daga watan Nuwamba na 2007 zuwa Maris na 2008, yara ƙanana 18 suka mutu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Ba wanda ya gaya musu abin da ke cikin ƙurar.

Na Zamfara ya fi kusa da mu, ya kuma fi muni. Can ba harsashi ba ne, dutsen zinariya ne mai haɗe da dalma. Ana kawo shi gida, ana daka shi, ana niƙa shi a tsakar gida, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kimanin yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sai da aka bi ƙauyuka irin su Dareta da Ƴargalma, aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan shara ba sai 2013. Ku duba: a wuraren nan biyu, ƙura ce ta yi kisa, kuma a cikin gida.

Yadda take shiga jiki

Hanya biyu ce: baki da hanci. Ba sai an haɗiyi dunƙule ba. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa. Dalma tana narkewa a zafi digiri 327, ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100. Wutar gawayi in an hura ta tana wuce 327 nesa ba kusa ba, kuma gwargwadon zafi, gwargwadon tururin guba. Kashin da ke tasowa a saman narkakkiyar dalma, wanda ake kwashewa a zubar, shi ne ke bushewa ya zama gari, iska ta watsa shi.

Babba yana iya daɗewa bai ji komai ba, shi ya sa ɗalibinmu ya yi dariya. Amma yaro ba babba ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsa. Ga shi yana rarrafe, kome ya samu sai baki. In cikinsa ba abinci, ko yana da ƙarancin jini, ya fi tsotsa. Hukumar ta ce kuma babu wani ɗan ƙanƙanin adadi da za a ce ba ya cutarwa.

In ta yi yawa, yaro yakan yi amai, ciwon ciki, kasala, jijjiga, ya suma. Sau da yawa sai a ce zazzaɓin sauro ne, ko a ce iska ce. In kuwa kaɗan kaɗan take shiga, ba a ganin ciwo, sai dai ƙwaƙwalwa ta raunana. Yaro ya yi jinkirin magana, ya shiga makaranta ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Mu da muka yi koyarwa, wannan ne ya fi tsaya mana a rai, domin ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

Ga babba, takan kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Tana ɓuya a ƙashi shekaru masu yawa. In mace ta samu ciki, sai ta fito daga ƙashi ta bi jini ta kai ga ɗan tayi. Takan jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Saniya tana son lasar mataccen batir da tokarsa. Batir ɗaya da aka jefar a juji yana iya kashe shanu fiye da ɗaya. Saniyar takan makance, ta riƙa cizon haƙora, tana dafa kai a bango. Yanzu da batiran hasken rana da na cajin waya suka yawaita daga Magarya har Dungas, a kula da inda ake ajiye matattu.

To, ina mafita?

Batir dai kada a fasa shi, ko a gida ko a daji. A ajiye shi a tsaye, da ruwansa a ciki, inda yaro da dabba ba sa kaiwa, har a mayar wa mai sayar da sabo ko mai sayen tsofaffi.

Maharbin da ba shi da makawa sai ya narka tasa dalmar, ya fita bayan gari, nesa da rijiya da gonar lambu. Ya ba iska baya. Kada yaro ko mai ciki su matso. Ya ware gwangwani da ludayin wannan aiki, kada su sake shiga madafa. Kada ya ci goro, kada ya sha taba ko fura, sai ya wanke hannu da sabulu. Ɗan ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare tururin dalma, kada a dogara da shi. Ya tabbata dalmar a bushe take, domin in jiƙaƙƙiya ta shiga narkakkiya sai ta yi tsartuwa har ido. Kashin da ya kwashe ya zuba a gwangwani mai murfi. Rigar aikin kuma ya wanke ta da kansa, dabam da kayan yara. Maganar izinin bindiga da lokacin farauta tana hannun hukuma da ma'aikatan gandun daji, ba ita ce tamu yau ba.

Naman da aka harbo, zabo ne ko zomo, a yanke inda harsashi ya bi a zubar, a kuma faɗaɗa yankan, don dalma tana farfashewa a cikin tsoka. A binne abin da aka yanke, kada kare ko ungulu su ci. Ya fi kyau a ba ƙananan yara da masu ciki wani naman.

In an riga an yi aikin a tsakar gida, kada a share da tsintsiya a bushe. A yayyafa ruwa, a kankare ƙasar saman wurin, a kai ta nesa da rijiya a binne, a zuba sabon rairayi. Ana cewa shan nono yana wanke dalma. Ba ya wankewa. Nono da wake da zogale da miyar kuka suna taimakon jikin yaro ya rage tsotsa, amma ba sa fitar da wadda ta riga ta shiga. Iyaye mata kuma su sani, tozalin dutse mai ƙyalli ɗanyar dalma ce, kada a ranbaɗa wa jariri.

Yaron da ke amai ko jijjiga a gidan da ake taɓa dalma, a kai shi asibiti nan da nan. A gaya wa ma'aikacin lafiya ƙarara: "A gidanmu ana narka dalma," ko "An fasa batir." In ba a faɗa ba, zai yi ta neman zazzaɓin sauro. Awon jini ne kaɗai ke nuna ta, akwai kuma maganin da ke fitar da ita, irin wanda aka ba yaran Zamfara. Amma can sai da aka share gidaje kafin a mayar da yaran, domin magani ba ya aiki in yaro ya koma kan ƙasar da ta ba shi ciwon.