Uwargida, Kada Wahalar Damina ta Ƙare a Bakin Titi

Duk mai bin hanyar Gwagwalada zuwa Kwali da kaka ya san abin: masara da rogo shimfiɗe a gefen kwalta, tirela na watsa musu ƙura, akuya na ɗiba. Yawanci mata ne masu shanyar, su suka yi shuka, su suka ɗauko a kafaɗa, kamar yadda matan Gwari suka saba.

'Yar'uwa, ki nemi tamfol ki riƙa shanya a kai. In kuɗin sun yi miki yawa, ku haɗa adashe ku huɗu. Hatsin da ya sha danshi yakan yi fumfuna, wadda gubarta ke lalata hanta.

Kafin ki ɗure hatsin a buhu, zuba ƙwayoyi kaɗan da busasshen gishiri a kwalba, ki girgiza. Gishiri ya manne a jikin kwalbar? Da saura, a mayar rana.

Wake kuwa, don Allah ki raba shi da maganin ƙwari na Sniper. Yaranki ne za su ci. Buhun PICS mai leda 2 a ciki ya isa, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu. Ki ɗora shi kan katako, ki jira farashi ya tashi kafin ki nufi kasuwar Gosa.