YADDA A KE GYARA TSAMIN BAKI DA WASA

Yaro ba ya iya dukan haruffa rana ɗaya. Ya kan fara da masu sauƙi, kamar m da b da d, masu wuya su biyo baya. A shekarar 2018 waɗansu masana biyu na ƙasar Ostireliya suka tattara labarin yara masu harsuna 27, suka ga yawancin haruffa yaro ya kan iya su in ya kai shekara 5. Irin su r da s suna cikin masu jinkiri.

To, Hausa tana da nata masu wuya, watau ƙ, ɗ, ɓ, ts, da r mai kaɗa harshe. In yaro ya ce kaya alhali ƙaya ya ke nufi, ka ga magana ta ɓaci. In kuwa aka yi ta yi masa dariya ko tsawa, sai ya ji kunya ya kame bakinsa, har ya shiga makaranta yana tsoron magana. Maganin abin wasa ne. Ga waɗansu.

1. Wasan kasuwa. Kunne shi ke fara koyo, baki ya bi. Ajiye ƙunshin kaya nan, ƙaya can. Ka ce, "Sayar mini da ƙaya." In ya miƙo daidai, biya shi da tsakuwa. Sa'an nan ku sāke, shi ya zama mai saye. Haka za ku yi da daka da ɗaka, da sara da tsara.

2. Wasan madubi. Ku zauna gaban madubi, ya dubi bakinka, ya dubi nasa. Yaron da ke cewa taza maimakon kaza, da kan harshe ya ke aiki. Sa shi ya kwantar da kan harshen bayan haƙoran ƙasa, ya yi kamar zai yi tari.

3. Wasan nutso. Ku riƙe numfashi kamar masu nutso a kogi, ku ce k ba ku saki ba. Abin da zai fito shi ne ƙ. Ya ɗora yatsa a maƙogwaronka, ya ji yadda ya ke ɗagawa.

4. Wasan babur. Ya yi ta cewa da-da-da da sauri, kan harshe na bugun bayan haƙoran sama, har ya kaɗa ya ce rrr, yana zaga tsakar gida.

Bi da shi hawa hawa: harafi shi kaɗai, sa'an nan gaɓa, sa'an nan kalma. Daga ƙarshe ka ba shi karya-harshe, kamar "Ƙanen Kande ya ƙulla kaya, ƙaya ta kama ƙafarsa." Minti 5 ko 10 kullum ya isa. In ya yi kuskure kada ka kwaikwaye shi, maimaita kalmar daidai kurum.

Amma fa ka lura. In yaro ya kai shekara 2 bai fara kiran sunan kome ba, ko ya kai 4 baƙi ba su gane maganarsa, lalle a kai shi asibiti a auna kunnensa, gama wanda bai ji sosai ba ba zai faɗa daidai ba. Kada a cire masa beli domin wannan, ba ya gyara magana.

TAMBAYOYI
1. Don me a ke fara koya wa kunne?
2. Ina bambancin kasa da ƙasa?
3. Yaushe ya kamata a tafi asibiti?