Famfo da Makunni: Aikin Yara a Gida

A yawancin gidajenmu ba maigida ne yake ɗebo ruwa ba, ba shi ne kuma yake wanke-wanke ko gugar kayan makaranta ba. Yara ne. Su ake aika bakin famfo da asuba, su ne ke kunna fanka da talabijin, su ne kuma kan bar ɗaki a ƙarshe. Iyaye su biya kuɗi, yara su riƙe famfo da makunni. Saboda haka in za a yi maganar tattalin ruwa da wutar lantarki, da ku ɗalibai ya kamata mu fara, musamman yanzu da hutu ya ƙarato.

A ganinmu, babbar ɓarna a wajenmu takan faru ne lokacin da babu ruwan, babu wutar. Yaro ya buɗe famfo, ya ga ko ɗigo babu, sai ya tafi ya bar shi a buɗe. Can da tsakar dare hukumar ruwa ta sako ruwa, kowa yana barci. Kafin gari ya waye tsakar gida ta zama tafki, ruwa ya bi lungu, maƙwabtan da suke can ƙarshen layi kuwa ba su sami ko bokiti ɗaya ba, don ƙarfin ruwan ya ƙare a gidanmu. Haka yake ga wuta. Ana cikin guga aka ɗauke, sai a ajiye dutsen a kan tebur a fita wasa. In an maido da wuta ba wanda ya tuna. Wannan ya wuce asarar kuɗi, don ta haka gobara take tashi. Doka ta fari ke nan: famfon da ba ruwa a rufe shi, in an ɗauke wuta a kashe makunni, a zare dutsen guga da hita daga soket kafin a ɗaga ƙafa.

Sai famfo mai ɗiga. Mutane kan raina shi, to, mu yi lissafi. A kwana ɗaya akwai daƙiƙa 86,400. In famfo yana ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa, ɗigo 86,400 ke nan. Kusan ɗigo 4,000 ne ke cika lita ɗaya, wato an zubar da fiye da lita 20, jarka guda cur. A wata jarka talatin. Ku tambayi Mama nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka a unguwarku, ku ninka da talatin. Hausawa sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Sau da yawa abin da ya lalace wata 'yar roba ce a cikin kan famfon, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ba aikin yaro ba ne ya kwance famfo, amma aikinsa ne ya tara bokiti a ƙasa, ya kuma gaya wa Baba, ya sake gaya masa har a kira mai gyara. Ƙulle shi da leda ko tsumma ba gyara ba ne.

Mu tuna kuma lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce a kan yarinyar da ta ɗauko ta daga rijiyar burtsatse. Wanda ya kwarara rabin bokiti don wanke ƙafa kawai, wuyan ƙanwarsa ya ɓata wa.

Ruwa ɗaya yana iya yin aiki biyu ko uku. Wanda aka wanke shinkafa ko alayyafo da shi a zuba wa tumatir da barkonon da ke bayan ɗaki. Ruwan ɗaurayar tufafi ya isa goge daɓe, ko kora masai, ko yayyafa wa tsakar gida kafin shara lokacin hunturu. Wajen wanke-wanke a ajiye roba biyu, ɗaya ta sabulu, ɗaya ta ɗauraya, a fara da kofuna a ƙare da tukunyar miya. Mai goge baki ya ɗebi kofi ɗaya. Bokiti guda da moɗa sun ishi kowa wanka, mun kuwa san a ɗakin kwanan ɗalibai da yawanku kun iya yi da abin da bai kai haka ba.

Da damina akwai ruwan da ba a biya. In an yi ruwan sama na milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ce ta sauka. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwa na milimita 20, ya karɓi lita 1,000, jarka hamsin ke nan. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sa'an nan a tara duro a bakin indararo. A rufe duron da kyau, domin sauro a ruwan da ke kwance yake ƙwai, kuma ƙaramin yaro yana iya faɗawa ciki.

Ruwa da wuta 'yan'uwan juna ne fiye da yadda muke zato. Ko da yake mafi yawan wutar ƙasar nan da iskar gas ake samar da ita, wani kashi daga ruwa yake fitowa: madatsar Kainji a kan kogin Kwara tun 1968, ta Jebba 1985, ta Shiroro a kan kogin Kaduna 1990. A ɗaya gefen, ruwan famfo ba ya hawa tanki da kansa, sai inji ya tura shi, injin kuwa wuta yake ci ko mai. Duk gidan da ke da burtsatse ya san wannan. In tanki ya cika yana ambaliya ba wanda ya kashe injin, an yi asara biyu a lokaci ɗaya. (Har yau yara kan yi ihun NEPA in wuta ta dawo, alhali hukumar da aka kafa a 1972 ta sauya suna tun 2005, kuma a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni.)

Gidajen da ke da mitar kati sun san kalmar yunit. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 take ci cikin awa ɗaya. Kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a jikinta, ku duba. Tsohon ƙwan lantarki mai zafin nan na wat 60, in ya kwana a kunne awa 12 kullum, yana cin kusan yunit 22 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kamar nasa, amma yunit 3 da ɗan kai zai ci. Duk da haka ba ƙwai ne manyan maciya ba. Abin da ke ba da zafi shi ne ke cinye kati: dutsen guga, hita, murhun lantarki. Dutsen guga mai wat 1,000, awa ɗaya tasa ta kai awa 111 ta ƙwan LED ɗin nan. Shi ya sa ya fi kyau a tara kayan mako a goge su zama ɗaya, maimakon kowa ya ɗumama dutse don riga guda kowace safiya. Mai dafa shayi kada ya cika buta alhali kofi biyu yake so.

Sauran ƙanana ne. Fanka jikin mutum take sanyaya wa, ba ɗaki ba, don haka ba ta da amfani inda ba kowa. Da rana a buɗe taga a ɗaga labule. Kada a sa abinci mai zafi a firji, kada a tsaya ƙofarsa a buɗe ana tunanin abin da za a ɗauka, in an ɗauke wuta kuwa a bar shi a rufe don sanyin ya daɗe. Gidan da ke aiki da sola, fitilar da aka bari da rana ita ce za a rasa da dare wajen karatu.

Akwai wurin da ba ma so a yi tattali. Kada yaro ya ƙi wanke hannu da sabulu bayan ya fito daga ban ɗaki ko kafin cin abinci wai yana adana ruwa. Kwalara da taifot ta ƙazamin hannu da gurɓataccen ruwa suke shiga, kuɗin asibiti kuwa ya fi na jarka ɗari. Kada a rage shan ruwa da bazara. Kada kuma a taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, ko a tsoma yatsa cikin bokiti hita tana kunne don a ji ko ruwa ya yi zafi.

Ga aikin hutu. Masu mita su rubuta lambar da ke kanta ranar Litinin da safe, su sake rubutawa Litinin mai zuwa. A mako na biyu a bi abubuwan da muka ambata, a sake dubawa. Waɗanda ba su da mita su ƙirga jarka nawa ke shiga gida a mako. Ku zo mana da lissafin a littafinku in an dawo makaranta.